Buhun shinkafa ɗaya, kurar ruwa 500: abinci muke sayowa ko ruwan wasu?

Abban_Khairat:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ƙanina mai karatun aikin gona ya zo hutu, muna cin abinci sai ya nuna tiren ya ce wai kafin a samu kilo ɗaya na shinkafa sai ta sha ruwa kusan lita 2,500. Na ɗauki waya na buga: buhu mai kilo 50, lita 125,000 ke nan. Jarka mai lita 25 guda 5,000. In kurar ɗan ga-ruwa tana ɗaukar jarka 10, kura 500. A buhu ɗaya fa! Ya ce duk jirgin da ya sauke shinkafar Indiya ko ta Tailan a Kwatano, ruwan ƙasarsu ya sauke mana, ido ne kawai ba ya gani.

To ga tambayata. Mu da muke bakin hamada, daminarmu wata huɗu, rijiyar gida na ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa, me ya kai mu dagewa sai mun noma shinkafa da alkama da ruwanmu? Ba gara mu sayo na wasu mu adana namu ba? Rufe bodar da aka yi a 2019 ba asara muka tafka ba kuwa? A yi min bayani, ban da zagi don Allah.

ƊanKadawa:
Wa alaikumus salam. Abban Khairat, da jin wannan tambaya ba ka taɓa tsoma ƙafa a fangali ba. Ruwan da nake ba shinkafata daga Tiga yake gangarowa ta kanal. In ban sha ba rana ce za ta shanye shi a dam. Ba daga randar gidanku nake ɗiba ba. Kuma in na ajiye noman, ni da iyalina mu ci me? Ruwan da aka adana? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Hajiya_MaiWaina:
In dai kura 500 ce a buhu to wallahi an daɗe ana cutata, don kullum sai na sayi ruwan jiƙa shinkafar daban.

Malam_Jogarafi:
Hajiya kin ba ni dariya. Amma abin da yaron ya faɗa ba tatsuniya ba ce. Wani Bature ɗan Ingila, Farfesa Tony Allan, shi ya fito da maganar a farkon shekarun 1990. Ni a aji nakan kira shi ɓoyayyen ruwa, wato duk ruwan da amfanin gona ya sha daga shuka zuwa girbi.

Abin da ya ɗaure wa Allan kai shi ne, shekara da shekaru ana cewa yaƙin ruwa zai ɓarke a Gabas ta Tsakiya, shiru. Da ya bi lissafi sai ya ga tun shekarun 1970 ruwan yankin ya kasa ciyar da mutanensa. Me ya rufa asiri? Jiragen alkama daga Amurka da Turai da Ostireliya. Shi a taƙaice yakan ƙiyasta tan ɗaya na hatsi da tan dubu na ruwa. Ɗauki Masar. Rabon da yarjejeniyar 1959 ta ba ta daga kogin Nilu kubik mita biliyan 55.5 ne a shekara, Sudan kuma 18.5. Wancan lokacin Misirawa ba su kai miliyan 30 ba, yau sun haura miliyan 100, kogin kuwa bai ƙaru ba. Suna sayen alkama fiye da tan miliyan 10 duk shekara. Buga da lissafin Allan, ruwa kubik mita biliyan 10 ke nan ko fiye wanda ba su ɗiba daga Nilu ba. Babu shugaban da zai hau mumbari ya ce wa jama'arsa ruwanmu ya ƙare. Sai dai a yi shiru a sayo alkama. A 2008 aka ba Allan lambar yabo ta ruwa a Stockholm kan wannan aikin.

Saboda haka ga Masar, shawarar Abban Khairat ita ce suke kai. Ko ta dace da mu, wannan wata magana ce.

Ɗan_Nguru:
Ku dakata da Masar tukuna. @ƊanKadawa, maimaita abin da ka ce. Rana ce za ta shanye? Wannan ruwan yana da masu shi kafin a haife ka. Kafin a gama Tiga a 1974, kafin a ƙara da dam ɗin Challawa a 1992, ruwan nan yakan bi kogin Haɗejiya ya malale fadamunmu duk shekara. Kakana da ruwan nan yake shinkafa, in ya janye ya shuka wake a danshin, ya kama kifi, Fulani su zo da shanu da rani, rijiyoyin ƙauyuka har can nesa su cika ba tare da kowa ya zuba fetur a inji ba. Yanzu ambaliyar da muke so ta ragu, an bar mu da ruwan da ke tsiyaya rani da damina, shi ya haifar mana da ciyawar kacalla. Ka zo ka gani, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, tsuntsayen jan-baki sun samu gidan kwana. Ku kuna loda tumatur zuwa Legas. Ba sai an je Indiya neman misali ba, ruwanmu ne a cikin kwandon nan.

ƊanKadawa:
To ai ku ba a iya muku. A riƙe ruwa ku ce an hana ku, a saki ku ce an cinye muku gari. Shekara nawa muna jin kukan ambaliya a Auyo da Ringim da Haɗejiya?

Ɗan_Nguru:
Ruwan da ya zo a kan lokacinsa daban, wanda aka sako maka tsakar dare don dam ya cika daban. Kai ma ka sani.

Injiniya_Zee:
Baba Ɗan Nguru yana da hujja a rubuce ma. A shekarun 1990 masana tattalin arziki, ciki har da Edward Barbier, sun auna abin da fadamar Haɗejiya da Nguru ke bayarwa na noma da kifi da itace, suka kwatanta da aikin ban-ruwa na kogin Kano. In da yawan ruwan da aka kashe za a auna, fadamar ta fi riba nesa ba kusa ba. Dalilin da ya sa mutanen Yobe da Borno suka yi ta adawa da dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are ke nan.

Amma ina so in gyara lissafin da aka fara da shi, don nan ne mutane ke ɓata. Lita 2,500 ɗin nan matsakaicin duniya ne, kuma an haɗa ruwa iri-iri a kwano ɗaya. Arjen Hoekstra, ɗan Holan da ya faɗaɗa aikin Allan, ya raba su. Akwai ruwan sama da ya sauka a gona shuka ta sha. Akwai wanda aka ɗebo daga kogi, dam ko rijiya. Akwai kuma wanda taki da maganin feshi suka ɓata. Mafi yawan ɓoyayyen ruwan da ke yawo a kasuwar duniya na farkon ne, ruwan sama. Manomin gero a Gumel da ya sayar da buhu bai rage wa kowa ruwan sha ba, don ko bai shuka ba ciyawa ce za ta sha. Riɗin Jigawa da zoɓon da ake kaiwa Meziko haka suke, na damina ne. Wanda ya kafa inji a kogi a watan Fabrairu, shi ne yake ɗiba daga rabon wani. Wanda ya haƙa ya taɓo tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa da ba ya dawowa, shi kuma gadon jikoki yake ci.

Almajirin_Zaure:
Allah Ya saka da alheri Injiniya. Ina karanta bayaninki sai na tuna babin zakka. Ai shari'a ta riga ta raba. Hadisin yana cikin Bukhari: abin da ruwan sama ko idon ruwa ya shayar, ushuri ne, ɗaya cikin goma. Abin da aka shayar da wahala, da raƙumin ban-ruwa ko jigo, rabin ushuri, ɗaya cikin ashirin. Buhun iri ɗaya ne, hatsin iri ɗaya, amma hukuncin ya bambanta saboda inda ruwan ya fito. Ga kuma hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Da wanda ke cikin Muslim na hana sayar da rarar ruwa. To in mai kuɗi ya zuƙe rijiyar ƙauye ya noma abin da zai fitar waje, ba sayar da ruwan jama'a ya yi ta bayan gida ba?

Malam_Jogarafi:
Allah Ya gafarta Malam, misalin zakkar ya yi kyau, zan ma are shi a aji. Sai dai ka lura, sassaucin da aka yi wa mai ban-ruwa saboda wahalarsa da kuɗinsa ne, ba saboda ruwan ba. Tambayarka ta ƙarshe kuwa ta malaman fiƙihu ce, ni ba zan sa baki ba.

Jauro_Bappa:
Ni abin da ke ba ni haushi da masu lissafin nan, wai kilo ɗaya na naman sa lita 15,000. Ɗana ya nuna min a waya. Saniyata ciyawar da Allah Ya fitar take ci, da kara da harawa bayan girbi, ta sha a tafki. Wane ruwa na ci na wa?

Ɗan_Nguru:
Ka ji Bafillace! Kai da ko wanka sai ranar kasuwa, ai kai ne gwanin tanadin ruwa a zauren nan.

Jauro_Bappa:
Babarbare ka yi shiru, bawa ba ya magana gaban ubangidansa.

Injiniya_Zee:
Baffa Jauro gaskiyarka. Fiye da kashi 90 cikin 100 na adadin nan ruwan saman da ya fitar da ciyawa ne. Saniyar da ake tsarewa a ciyar da ita da abincin da aka yi wa ban-ruwa, ita ce ake magana, ba taka ba.

Bakano_a_Riyad:
Tunda an zo kan saniyar da ake tsarewa, bari in ba ku labarin inda nake zaune, don duk abin da kuke muhawara a kai an yi shi a nan an gama.

Saudiyya ta yi irin tunanin ƊanKadawa: dole mu ci da kanmu. Daga ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta riƙa sayen alkama a hannun manoma da farashin da ya ninka na kasuwar duniya sau da yawa. Aka haƙa rijiyoyi masu zurfin gaske a tsakiyar hamada. Duk wanda ya bi ta saman Ƙasim a jirgi ya ga korayen da'irorin nan kamar an jera faifai. A tsakiyar shekarun 1980 sun wadatu, farkon shekarun 1990 suna noma kusan tan miliyan 4, har sun shiga sahun manyan masu fitar da alkama a duniya. Ƙasar da ba ta da kogi ko ɗaya! Ruwan kuwa tsoho ne, ya taru tun dubban shekaru lokacin da yankin ke samun damina. Kowane buhu da ya fita, ruwan da ba zai dawo ba ne ya fita.

A 2008 suka ce a'a, za a riƙa rage saye a hankali, zuwa 2016 aka tsayar. Sai manoma suka koma ciyawar barsim ta shanun madara, wadda ta fi alkamar shan ruwa don shekara ake yi ana yankanta. An sayar da kare an sayi biri. Ita ma aka taƙaita ta a ƙarshen 2018. Amma madara na nan cike da kanti. Ku tambaya a ina ake noman ciyawar.

Bazazzagi_a_Amurka:
A nan ake nomanta, Bakano sarkin surutu. Kamfanin madara na Almarai yana da reshe mai suna Fondomonte, ya sayi fili kusan eka 10,000 a jihar Arizona a 2014, ya kuma karɓi hayar filayen gwamnatin jiha. Arizona fa ita ma hamada ce. A lokacin, a yankin babu dokar da ta ƙayyade yawan ruwan da za ka zuƙo, in kana da fili sai inda injinka ya tsaya. Suna noma barsim, a ɗaure, a loda a jirgi zuwa Saudiyya. Maganar ta zama ta siyasa sosai, har a watan Oktoba na 2023 Gwamna Katie Hobbs ta soke hayar ɗaya ta ce sauran na kwarin Butler ba za a sabunta ba. Abin dariyar, manoman Amurka su ma sun daɗe suna fitar da wannan ciyawa zuwa Sin da Japan, ba a yi hayaniya haka ba sai da aka ga Balarabe.

Ɗan_MaiWurno:
Salamu alaikum daga Sudan. Mu kakanninmu a bakin Shuɗin Nilu suka zauna, kuma Hausawa da yawa su ne ƙarfin aikin audugar Jazira tun bayan gina dam ɗin Sinnar a 1925. Audugar nan masaƙun Ingila take tafiya. Wato abin da kuke kira ɓoyayyen ruwa, mu shekara ɗari ke nan muna loda shi. Kafin wannan yaƙin, a arewacin Khartum za ka ga manyan gonakin barsim na 'yan Galf, motoci na ɗauka zuwa Port Sudan. Tumakin da alhazai ke yankawa a Mina ma da yawansu daga nan suke. Mu kuma burodinmu da alkamar waje ake yi. Ni ban ce ciniki haramun ba ne. Abin da nake tambaya kullum, kuɗin ruwan aljihun wa ya shiga. Ku sa mu a addu'a.

Hajiya_MaiWaina:
Allah Ya kawo muku zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa.

Bagalme:
Amin. Ni ɗan Galmi ne, albasa munka gada. Wanga zance na Abban Khairat, na sayo abinci waje a adana ruwa, ku tambaye mu mutanen Nijar mu gaya muku ɗanɗanonshi. Yunwar 1984 mi an ka sa mata suna? El Buhari. Fari ya zo, iyakar Nijeriya na rufe, mai kuɗi a hannu bai samu hatsin saye ba. A 2023 kuma bayan juyin mulki an ka sake rufewa, albasa ta ruɓe cikin manyan motoci, shinkafa ta yi tsada. Zanen aro ba ya rufe katara. Ruwan da ke cikin jirgin wani, ranar da ya ga dama ya juya kan jirginshi.

Amma hwa ba zan ɓoye ba, garkarmu ma ta canza. Zamanin babana da guga da ƙwarya aka ban-ruwa, rijiya gaba biyu ka iske ruwa. Yanzu kowa da injinshi, kowace shekara sai mun ƙara zurfi, kahin albasa ta nuna wasu rijiyoyin sun yi laka. Albasar ko Abijan da Accra ta ka tahiya.

Zango_Accra:
Tana iso mu kuwa. Tun da aka tashi kasuwar albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021 nan muke sauke ta. Abin mamaki Ghana ta fi Nijar ruwa nesa, ga tafkin Volta, amma albasa daga Nijar, tumatur daga Burkina. Masu ƙishirwa ke shayar da masu kogi.

Injiniya_Zee:
Wannan na Zango shi ne abin da littafi bai cika faɗa ba. Ruwa ba ya bin hanyar daga mai yawa zuwa marar shi, kuɗi yake bi. Sai dai kada mu yi wa albasa sharri. Kilo ɗaya na tumatur kusan lita 200 ne, albasa ba ta kai 400 ba, alkama kuwa ta doshi 1,800. In da hankali za a bi, mai ruwa kaɗan ya zuba shi a abin da ke kawo kuɗi da yawa a kowace jarka, ya sayi hatsi da ribar. Matsalar Galmi ba albasa ba ce, rashin mai ƙirga rijiyoyi ne.

Talaka_Bawan_Allah:
Duk turanci ne wannan. Da wace dala za a sayo? Lokacin da aka rufe boda dala nawa take, yau nawa take? Mutanen da suka jera mana dalar shinkafa a Abuja a 2022 suka ɗauki hoto, ina shinkafar ta shiga? Azzalumai kawai. Kuma su suka kashe tafkin Chadi da dam-dam ɗinsu na Kano.

Admin_Zaure:
Jama'a a kiyaye harshe. Siyasa tana da nata zauren.

Malam_Jogarafi:
Talaka, maganar dala gaskiya ce kuma ita ce ramin da ke cikin shawarar Allan. Saudiyya na da mai, tana iya saye ko nawa ne. Masar kuwa da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi a 2022 sai da ta ji a jikinta, don daga ƙasashen biyu take samun mafi yawan alkamarta.

Amma batun tafkin Chadi ka yi kuskure. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga tafkin daga kogin Shari da Logon yake, ta kudu, daga Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Chadi. Komadugu Yobe ɗan kaɗan yake kaiwa. Abin da ya karya tafkin farin shekarun 1970 da 1980 ne, ya sauko daga kusan murabba'in kilomita 25,000 zuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Dam ɗin Kano sun cuci Nguru da Gashuwa da Geidam, har da masu noman tattasai na Diffa a tsallaken kogin, wannan ba musu. Tafkin dai ba su suka kashe shi ba.

Ga wani abin da ya dace da tambayar farko. A Marte gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi kan aikin ban-ruwa na kudancin tafkin don a noma alkama da shinkafa. Kafin a ci moriyarsa tafkin ya ja baya ya bar bakin kanal a tudu. A 1987 Babangida ya hana shigo da alkama, bayan 'yan shekaru aka janye hanin. Har yau fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da muke ci daga waje take. Duk burodi da taliyar da ka ci, ruwan wata ƙasa ne. Wato Abban Khairat, a alkama an riga an bi shawararka, ba tare da kowa ya shirya ba.

ƊanKadawa:
Alkama muna yi da sanyi kuma tana kyau. A ba mu iri da taki a kan kari a gani.

Ummu_Sultan:
Ni tambaya ce da ni. Su Indiyawan da ke sayar mana, ruwan ya yi musu yawa ne?

Injiniya_Zee:
Ina fa, Yaya. Indiya ce ke da kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake fitarwa a duniya, kuma a jihohin Punjab da Haryana ruwan ƙasa sauka yake yi duk shekara. A Punjab manomi ba ya biyan kuɗin wutar injin ban-ruwa, to me zai sa ya kashe? Sai da jihar ta yi doka a 2009 ta hana dashen shinkafa kafin 10 ga Yuni, don a jira damina ta kusa. Basmatin da Bakano ke ci a Riyad daga wannan yankin take. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna kashi 11 cikin 100 na ruwan ƙasa marar dawowa da ake ban-ruwa da shi yana tafiya ne cikin abincin da ake fitarwa waje, kuma kashi biyu cikin uku na wannan daga Pakistan da Amurka da Indiya yake fita.

Kuma ga abin da Bagalme ya faɗa ya faru: a Yulin 2023 Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba, wata guda bayan nan ta ɗora harajin kashi 20 a kan turararriya, irin wadda ake kawowa Afirka ta Yamma. Ba ta yi shawara da kowa ba.

Bakano_a_Riyad:
Ku ƙara da Maroko. Suna cika kantunan Turai da tumatur da abokado, fari na shekaru a jere ya cinye garke, har a 2025 Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'a kada su yi layya.

Jauro_Bappa:
Subhanallahi. Sallah ba rago?

Abban_Khairat:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma ku yi haƙuri, har yanzu ban ji amsata ba. Malam ya nuna min Masar na rayuwa da ruwan saye. Bagalme ya ce kada in yarda da jirgin wani. Injiniya ta ce a noma albasa a sayi alkama. To shinkafar rani fa, a Kura da Haɗejiya da Kebbi? A ci gaba ko a bari?

Ɗan_Argungu:
Kada ka haɗa mu da Kano. Mu fadamar kogin Rima da ta Neja gare mu, ka soka bututu kaɗan ruwa ya taso, damina ta mayar da abin da aka ɗiba. Tun kafin a ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a 2015 muke shinkafa. Abin da ke kashe mu kuɗin fetur ne. Wanda ya samu sola ya huta.

Injiniya_Zee:
Solar nan ita ce ke ba ni tsoro, Allah Ya sani. Ina murna manomi ya huta da fetur, amma tsadar fetur ita ce kaɗai mitar ruwan da muke da ita. Mai inji yana kashewa da fangali ya cika don kada mai ya ƙone. Mai sola tun hantsi har la'asar, ko kallon wurin ba ya yi. Wutar kyauta ta Punjab ke nan ta shigo da wata riga. Abban Khairat, Nijeriya a dunƙule ba ta rasa ruwa ba, Neja da Binuwai suna zuba a teku. Kogin Haɗejiya ne aka yi wa alkawura fiye da abin da ke cikinsa. Tambayarka sai an yi ta kogi-kogi.

Ɗan_Nguru:
In an tashi yin ta kogi-kogi a fara daga ƙasa a hauro. Kullum daga sama ake farawa, kafin a iso kanmu takarda ta ƙare.

ƊanKadawa:
Baba Ɗan Nguru, in ka shigo Kano ka biyo ta Kadawa, kwandon tumatur ɗaya naka ne kyauta. Ka ɗauki ruwanka ka koma da shi.

Ɗan_Nguru:
Kilo nawa ne a kwandon? Injiniya ta ce lita 200 kowane kilo. Zan zo da kalkuleta, bashin tun 1974 ne.

Bagalme:
Injiniya, wanga sola da kika ce, nawa ta ka kamawa can wajenku, mai ja daga gaba shidda? Maƙwabcina ya sa tashi bana, tawa rijiyar ta fara ja baya tun azahar.